Inda Wata Ya Tsaya a Tsakar Gidan Dada

A shekarar da aka kafa falwayar lantarki a layinmu na Ƙofar Dumi Dada ta rasu. Ban san lambar shekarar ba, don a gidanmu ba a riƙe shekara da lamba. Abin da na sani shi ne, da farkon damina ma'aikata suka haƙa rami a ƙofar zaurenmu, suka kafa itacen, suka tafi suka bar shi tsaye babu waya. Kafin su dawo su ja wayar mun kai Dada makwancinta. Ina da shekara tara ko goma a lokacin, yayata Hanne kuwa ta fara zama budurwa.

Dada mahaifiyar babanmu ce, sana'arta daddawa. Duk wanda ya san daddawa ya san kalwa ba ta nuna da wuri. Da la'asar ake ɗora tukunyar, a yi ta tura mata ice har bayan isha'i. Shi ya sa a gidanmu wuta ba ta saurin mutuwa, kuma shi ya sa yaran maƙwabta suke taruwa a wurinmu da sun ci tuwo. Murhun yana jikin katangar gabas. Dada takan zauna a kan turmin da ta kifa, muciya a hannu, hayaƙi na sa ta ƙifta ido. Har yau idan na wuce inda ake dafa kalwa, ƙafata takan rage sauri ba tare da na sa ta ba.

Sauran tsofaffin unguwa suna ba da tatsuniya ne yara na kwance a kan cinyarsu. Dada ba ta yarda da wannan ba. A wurinta kowa sai ya yi aiki a cikin labarin. Idan akwai kogi, wani zai kwanta ya zama kogin. Idan akwai ƙofa, biyu za su haɗa hannu. Ba ta ma buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa. Sai ta buga muciya a bakin tukunya ta ce, “Ga ta can tafe, kada ta same ku a zaune.” Mu kuma mu miƙe mu ce, “Mun tashi, ta ƙaraso.”

Na taɓa yi mata ƙorafi. Na ce, “Dada, ni yau na gaji, ki faɗa kawai ina ji.”

Ta ce, “Ji shi, maigidan da ko cefane bai taɓa kawo min ba, wai ya gaji. Abin da na zuba maka a kunne kafin asuba ya tsiyaye. Tashi in zuba maka a ƙafa.”

Cikin tatsuniyoyinta akwai guda ɗaya da ba ta ƙarewa a dare ɗaya, ta Rana da ƙanenta Wata. Ita wannan sai an ga jinjirin wata ake fara ta, a bi ta kaɗan-kaɗan har watan sama ya ɓace. Mu ba ta taɓa ba mu ita ba sai a wannan daminar, da ta ce na isa in zama Wata. Ta ɗauko wani busasshen duma da ba a fafe ba, mai girman kan mutum, ta shafe shi da farar ƙasa ta ɗora min a hannu. Yaya Hanne ta tsaya a gefen murhu, ita ce Rana. Sauran yara suka zauna a tabarma a tsakiyar gida, su ne mutanen duniya. Ni kuwa aikina in ɗaga duman sama da kaina, in zagaya tabarmar. Kowane dare taku kaɗan nake yi. Inda labarin ya tsaya, nan Dada za ta sa a ajiye wani ɗan baƙin dutse ta ce, “Gobe daga nan za ka tashi. Wanda ya taɓa dutsen nan, ni da shi.”

Ga yadda labarin yake, gwargwadon abin da na riƙe.

Wata mata ce ta haifi 'ya'ya biyu, Rana babba, Wata ƙarami. Da za ta mutu ba ta da abin bari sai garwashi guda. Ta ba Rana ta ce ta riƙe kada ya mutu. Shi kuma Wata ta bar masa aike. Ta ce mutane suna cikin duhu da dare, ya riƙa zagayawa yana kai musu haske. Wata ya yi kuka ya ce, “Da me zan haska su, ga wutar an ba Yaya?” Rana ta ce masa, “Kai dai duk inda ka kai, kada ka juya min ƙeya. Abin da ya sauka a fuskarka shi za su gani.”

Sai ya kama hanya. Ya tarar da wata tsohuwa tana neman zura zare a allura, ya tsaya har ta zura. Ya tarar da makiyayin da ɗan maraƙinsa ya ɓace a dutse, ya raka shi. Ya tarar da mai jego da jaririnta ya ƙi barci, ya leƙa ta taga. Kullum yana ƙara nisa da gida, kullum fuskarsa na ƙara cika. Ni ina tafe a karkace kamar ƙaguwa, idona a kan Yaya Hanne, yaran tabarma na ihu, “Ya ƙaru! Ya ƙaru!” Daren da na kai bakin zaure, can nesa da murhu, suka ce ya cika. A labarin, a nan ne 'yan matan wani gari suka kewaye shi da gaɗa, suka roƙe shi ya zauna a wurinsu har abada. Dada ta maƙale murya ta yi maganarsa: “Ku yi haƙuri, Yaya na jirana.”

Daga nan labarin ya fara nauyi. A hanyar komawa mutane suka ga yana ramewa. Wannan ya ba shi saiwa, wancan ya ba shi rubutu, babu abin da ya yi. Sai wani tsuntsu ya raɗa masa cewa garwashin yayarsa ya zama gobara, duk abin da ya matso ta toka yake zama, kuma ko bai ƙone ba, yadda ya lalace ɗin nan ba za ta gane shi ba. Wata ya ci gaba da tafiya yana tsoro. Ya zama kamar yankan farce. Ya iso ƙofar gida ya tsaya, ya kasa sallama.

A daren nan ina tsaye taku kaɗan daga murhu, har ina jin zafinsa a ƙwaurina. Na ce, “Dada, za ta ƙone shi?”

Ta ce, “Ajiye dutsenka, Maigida. Gobe ka ji.”

Da safe ba ta fito ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, aka hana yara shiga ɗakin. Yaya Hanne kaɗai ke shiga da kunu, ta fito da kwano. Tukunyar kalwa ta yi sanyi a kan murhu. Ranar da muka dawo daga maƙabarta dutsen yana nan inda na ajiye shi, kuma ya daɗe a wurin, mata suna share gefensa su bar shi, har wata baƙuwa da ta zo gaisuwa ta share shi da sauran shara.

Bayan sadakar bakwai Yaya Hanne ta ja ni bayan rumbu ta ce, “Na san ƙarshen. Ta tashe ni tsaye a ɗaki, ta sa na riƙe ƙwaryar kunu a gaban fitila, ta faɗa min.”

Na ce, “To faɗa min.”

Ta ce, “Ta ce kada in kuskura in faɗa maka kana zaune. Ɗauko dumanka ka koma wurinka.”

A lokacin ko kallon murhun ba na iya yi. Na ce sai an kwana biyu. Kafin kwana biyun su cika aka jawo wuta, Baba ya rataye ƙwan lantarki a tsakiyar gida. Wani dare na ɗauko duman na ɗaga a ƙarƙashinsa, na ga ko'ina fari, ba gefen duhu ba gefen haske. Na mayar da shi. Yara kuma suka koma gidan da aka sayi talabijin. Ni aka kai ni kasuwar Wunti koyon gyaran keken ɗinki, sana'ar da nake ci da ita har yau. Yaya aka yi mata aure.

Maganar ba ta mutu ba, wasa ta zama. Wata take kirana, har 'ya'yanta suka tashi suna ce min Kawu Wata. Duk sunan da muka haɗu, duk biki, duk zaman makoki, sai ta dube ni ta ce, “Wata, har yanzu kana ƙofar gida? Sauro bai cinye ka ba?”

In ce, “Yaya, ki taimaka ki faɗa min a nan, ga shayi ga inuwa.”

Ta ce, “Ka ji ragon banza. Amana aka ba ni. Nemo duma.”

In ce, “Da gemun nawa? Surukaina na kallo?”

Sai mu yi dariya, a kawo abinci, a shiga wata hira. Ni da ita duka mun ɗauka lokaci na nan. Bara, bayan babbar salla, ta faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Babban ɗanta Nura ya ɗauke ta zuwa gidansa a wajen Gubi. Da na je dubiya ta gane ni, ta riƙe hannuna, bakinta ya yi ta motsi, abin da ya fito bai wuce “to, to” ba. A cikin keke mai ƙafa uku a hanyar dawowa na tuna cewa duk duniya ita kaɗai ta san abin da Rana ta yi da ƙanenta.

A wannan shekarar ce na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a wata firamare kusa da shagona. Mu duka magidanta ne, muna matse gwiwa a bencin yara. Mai koyar da mu Malama Rifkatu, yarinya ce 'yar wajen Bogoro, tana karatun koyarwa a jami'ar da ke Gubi. Tana da haƙuri da mu. Baƙi da wasali take koya mana, da lissafi, amma wani lokaci takan kawo abin da ta ce na kimiyya ne, don a kansa take bincikenta.

Wata Laraba ta zo da kwamfuta da ɗan majigi da wata babbar waya mai faɗin faranti. Ta sa aka rufe tagogi, aka tura bencina tsakiya. Ta manna wani kati ruwan ɗorawa a jikin ƙofa. Idan ka duba ajin ta gilashin wayar, ajin ne dai, ga allo ga bencina ga kan Garba mahauci, amma an ƙara masa abin da babu: a jikin ƙofa wata ƙatuwar rana na ci, a saman kawunanmu kuma duniya na juyawa a hankali kamar ƙwallo. Muka yi ta miƙa wa juna wayar muna salati. Garba ya kai hannu zai taɓa, ya kama iska.

Sai ta ɗaga wata farar ƙwallo ta ce, “Wannan shi ne wata. Kyamara za ta bi duk wanda ya riƙe shi. Wa zai zagaya mana?”

Kowa ya kama kallon ɗan'uwansa. Ban yanke shawara ba, na dai tsinci kaina a tsaye. Garba ya ce, “Kai Ilu, da furfurarka? To Allah ya sa kada watan ya yi tuntuɓe.”

Na karɓi ƙwallon da hannu biyu, na ɗaga ta sama da kaina, na fara daga gefen ƙofa, ina tafe a karkace, fuskata na kallon katin. Malama ta ce, “Baba Ilu, ka taɓa yin wannan ne?”

Na ce, “Kakata ta sa ni, ina yaro.”

Ta yi murmushi ta ce, “To ka ga abin da nake nema ke nan. Malamanmu suna cewa ba kai kaɗai ke fahimta ba, hannu da ƙafa ma suna taya shi. Shi ya sa ba na so ku zauna ku kalli hoto kawai. Amma yau ka saki wuyanka, ka riƙa duban bango kana tafiya.”

Garba ya ce, “In haka ne, Malama, hannuna ya san ƙashi da tsoka ko a duhu. A ba shi takardar shaida, ni in huta.”

Majigin ya raba bango biyu. A hagu, watan kamar yadda na zaune suke ganinsa. A dama, kamar mutum ya hau can sama yana leƙo mu duka: rana, duniya, da ɗan watan da ke motsi duk lokacin da na motsa. Idan na tsaya ya tsaya. Idan na koma baya ya koma.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk daren da na yi ina zagaya tabarmar Dada, ni ne mai riƙe da duma, ban taɓa zama a tabarmar ba. Ihun yara kawai nake ji. Yau ga shi a bangon hagu: yankan farce, rabi, cikakke, manyan mutane na cewa “Ya ƙaru!” kamar yaran layinmu. Na juyo hanyar komawa yana raguwa. Da na zo taku kaɗan daga ƙofa, ƙafafuna suka tsaya da kansu.

Malama ta ce, “Ƙarasa mana, Baba.”

Na ƙarasa. Bangon hagu ya yi baƙi ƙirin. Garba ya ce, “Shi ke nan, ya mutu.”

Na ce, “Malama, ƙonewa ya yi?”

Ajin ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, “A'a, Baba. A ido ne suke kusa, tsakaninsu akwai nisa mai yawan gaske. Dubi dama.” Na duba. Ga watan nan lafiyarsa ƙalau, rabinsa mai kallon rana fari tas. Ta mayar da tafiyar tawa baya a kwamfuta, ta sake sakinta a hankali. Tun daga farko har ƙarshe, rabin nan bai ragu ba ko sau ɗaya. Ta ce, “Bai taɓa ramewa ba. Mu ne muke zaune a inda ba ma ganin fuskar tasa. Ranar da muke cewa ya ɓace, gaba ɗaya ya juya ta wajen rana.”

Dada ba ta san duniya na juyawa ba, a wurinta tabarma ce shimfiɗaɗɗiya. Ba ta san nisan da Malama ta faɗa ba. Amma da na koma benci a ranar, ban iya rubuta ko baƙi ɗaya ba.

Na sha yawo kafin in sami duman da ba a fafe ba. Wata mai sayar da ƙore a kasuwar Wunti ce ta sa aka kawo min daga ƙauye. Na shafe shi da farar ƙasa, na sa a buhu, ranar Juma'a na hau keke zuwa Gubi. Bayan magariba na roƙi Nura ya kashe ƙwan tsakar gida, ya hura ice kaɗan a murhu. Ya dube ni ya ce, “Kawu, lafiya?” Na ce, “Lafiya. Fito min da Yaya.”

Aka zaunar da ita a kujera gefen wutar, aka tokare ta da matashi. Jikokinta suka zauna a tabarma suna ƙunshe dariya. Da ta ga duman, idonta ya tsaya a kansa.

Na buga murfin tukunya na ce, “Ga ta can tafe.” Ba wanda ya san amsar, na amsa wa kaina. Na ɗaga duman na fara. Abin mamaki, wuraren da na zaci na manta, da ƙafata ta kai gurbinsu sai maganar ta zo: allurar tsohuwa, maraƙin makiyayi, tagar mai jego. Tafiyar wata guda na yi ta a zama ɗaya. Yaran suka daina dariya. Wata ƙarama ta ce, “La, yana ƙaruwa!” Kafaɗuna suna zafi, na zagayo, na faɗi maganar tsuntsu, na zo inda dutsena yake a da, na tsaya.

Na ce, “Yaya, ga ni a ƙofar gida.”

Ta ɗaga hannun hagu ta yafito ni. Na matsa, na durƙusa a gabanta, duman a tsakaninmu. A bayana yaran suka ce, “Ya ɓace!” Ta wajenta kuwa fari ne tas, hasken wuta na rawa a kansa.

Sai ta fara magana. Doguwar magana ce, da hawa da sauka, har da inda ake maƙale murya, sak yadda Dada take yi. Na kasa kunne iya ƙarfina. Babu kalma ko ɗaya a ciki. Ta ga ban gane ba, ta sake daga farko, jijiyar wuyanta ta tashi, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi. Can ta sa tafin hannunta ta shafe min fuska daga goshi zuwa gemu, kamar yadda ake wanke wa yaro ido da safe. Sannan ta dafa ƙirjina ta tura ni a hankali, ta nuna min wurin da na faro.

Na tashi na koma can, na ɗaga duman. Ƙaramar nan ta ce, “Ga shi ya dawo, ɗan siriri.” Yaya ta gyaɗa kai ta ce, “To.”

Yaya ba ta ga ƙarshen wata na gaba ba.

Ina yawan tunanin abin nan idan shago ya yi shiru. Da ina jin haushin dokar Dada, ina cewa da ta bar Yaya ta faɗa min a zaune da tuni na sani. Yanzu ban tabbata ba. Abin da aka zuba wa Yaya a baki ciwo ya tafi da shi, abin da aka zuba mata a hannu shi ya iso gare ni. Na san Rana ba ta ƙone ƙanenta ba. Na san ta gane shi, ta wanke masa fuska, ta sake aikensa. Na kuma san, daga bangon Malama, cewa lokacin da mutane suke cewa ya ƙare, a lokacin ne wadda ta san shi take ganinsa a cike. Malama ta ce in zo in yi wa wani ajin nata zagayen da duma, kafin ta kunna majigi. Na je, kuma zan sake zuwa. Idan na kai ƙarshe nakan yi abin da hannun Yaya ya yi, bakina a rufe. Wani ya ce in ƙirƙiri maganar mana, wa zai sani? Ni zan sani.

Yanzu da na iya rubutu, ga abin da na rasa. Gida ɗaya a Ƙofar Dumi, an sayar an yi shaguna. Duma ɗaya, gara ta ci. Dutse ɗaya. Mata biyu da suka san labarin har ƙarshensa. Da abin da Rana ta faɗa wa ƙanenta a ƙofar gida, wanda aka faɗa min sau biyu ina durƙushe, ban ji ba.